Ƙofar da Babu Ɗaki a Bayanta

Magariba ta kawo jiki, Mai Zane yana tsugune a tsakar gida yana goge wata tsohuwar ƙofa. Shi aka ba aikin tsara dandamalin da mawaƙa za su rera baitoci da kiɗa a kai, kuma duk tunaninsa ya tattara a kan wannan ƙofa da ya ciro daga wani kango. Za ta tsaya ita kaɗai a tsakiya, ba bango, ba ɗaki a bayanta, kowane mawaƙi ya fito ta cikinta. Ya kafa ta a gida don ya ga yadda haske zai kwanta a kanta.

Sai dutse ya faɗo kusa da ƙafarsa. Na biyu ya fasa fitilar gwaji.

Mai Zane mutum ne mai zargi, ko inuwarsa bai gama yarda da ita ba. Ya fara da maƙwabta. Da jifa ya ci gaba, ya koma kan abokin sana'arsa da aka hana aikin. Da ya riƙa tarar da ƙofar a buɗe bayan ya sa sakata, sai ya juyo kan matarsa, wadda ta daɗe tana mitar katakon da ya cika mata gida.

"Ni zan jefi gidana?" in ji ta. "Baban Auta, ka ji tsoron Allah."

Daga nan abin ya koma kan 'yarsu Auta. Da rana ta faɗi sai ta miƙe, ta shiga ƙofar, ta zagayo, ta sake shiga, har ƙafafunta suka kumbura. Uban ya ce haɗa baki suka yi da uwarta. Ranar da ya riƙe hannunta ta waiwayo da muryar tsoho ta ce, "Sake ni," a ranar tsoro ya kama shi sosai, ya tafi ya ɗauko Malam.

Malam ya zauna, ya daɗe yana karatu. Auta ta ƙame a bakin ƙofar.

"Wane ne kai, me kake nema a jikin yarinya?"

"Ɗakina nake nema," in ji muryar. "Ƙofata ce wannan. Na shiga, ban tarar da kowa ba. Iyalina suna bayanta, na kasa isa gare su. Ƙafafuna sun gaji, na ari nata."

"Fita, za a mayar maka," in ji Malam.

Mai Zane ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Malam, ko bayan wasan? Ita ce dandamalin gaba ɗaya."

Bakin Auta ya yi wata dariya mara daɗi. "Na yarda. Riƙe ƙofata, in riƙe 'yarka. Bayan wasan sai mu yi musaya."

Kunya ta rufe shi. Da hannunsa ya kwance ƙofar, ya ɗora a ka, ya kai ta kangon, ya kafa ta inda ya ciro ta. Yana buga ƙusa ta ƙarshe ya ji an sa sakata daga ciki.

Da ya dawo, Auta tana barci a cinyar uwarta, ana gasa mata ƙafa da ruwan ɗumi. Ya durƙusa ya ce, "Maman Auta, ki yafe mini."

Ba ta ɗago kai ba. "Na yafe. Amma ka zargi kowa a unguwar nan, ban da wanda ya ɗauko abin da ba nasa ba."