Hayaƙin da Ya Kashe Muntaka

Jirgin bai fashe ba, bai kama da wuta ba. Manoman Kwandere da suka gan shi da hantsi sun ce saukowa ya yi a hankali, ya share kunyoyin doya, ya kafa hanci a ƙasa. Da suka ɓalle ƙofa sai ga matuƙin, Muntaka, kansa a kan kafaɗa, leɓɓansa jawur. Ba wani rauni a jikinsa da zai kashe ko kaza, amma rai ya yi halinsa.

Ƙaramin jirgin feshi ne na wata gonar shinkafa. Likita ya ɗebi jini kafin a kai mamacin makwanci, ya ce wa Sufeto Na'Allah hayaƙin inji ne, irin wanda ke kashe masu kwana da janareto a ɗaki. Injiniyoyin Abuja suka zo suka nuna masa inda ya fito. Salansar jirgin tana da wata rigar kwano da ta rufe ta, iska na shiga ta wani rami a hancin jirgi, ta ratsa rigar, ta wuce wurin matuƙi. A ƙarƙashin rigar salansar ta tsage. Suka ɗauki hotuna, suka ce rahoto sai an ji su, suka kama hanya abinsu.

Manajan gona kuwa bai jira kowa ba. Ya ce makaniken jirgin, Iorhemba, ya yi cacar baki da marigayin. Shi ke nan fa, aka jefa bawan Allah bayan kanta. Samarin unguwar su Muntaka suka fara zarya a ƙofar caji ofis, matar Iorhemba ta kwashe yara ta bar gari, DPO kuma ya ce ranar Litinin sai kotu da tuhumar kisan kai. Na'Allah ya san abin da hakan ke nufi. In makaniken ya shiga gidan yari ba fita, in an sake shi ba hujja ba zai kai tasha da ransa ba. Abin ya tsaya masa a rai.

Ya sa aka fito masa da Iorhemba.

"Me ya haɗa ka da Muntaka?"

"Oga, ciwon kai ne. Kullum ya sauka yana riƙe kai. Na ce ya bar tashi ya je asibiti, ya ce ni ba babansa ba."

"Ka buɗe rigar salansa ka duba?"

"Ba a buɗe shi sai babban sabis, lokaci bai yi ba. Mu duka mun ɗauka maganin feshi ne." Ya share fuska da gefen singileti. "Oga, ni na koya masa canza taya. Yaya zan kashe shi?"

Na'Allah ya koma kan manaja, ko ya sayo salansar gwanjo. Mutumin ya kai shi sito, ya nuna masa kwalin da ta zo a ciki, sabuwa fil, shekararta ba ta cika ba. Mugun baki ne da shi da son a ce ya iya, amma ba shi ba ne.

Sai ya nemi a ba shi salansar, ya fito da ita rana. Ba sawun zarto, ba sawun guduma. Ƙarfen ya rube ne daga ciki, duk ƙananan ramuka, ga wani farin ɓawo ya daskare a ƙasan rigar. Ya kankaro da farce ya ɗanɗana. Gishiri! A garin Lafiya, inda ba teku ba dangin teku, me ya kai gishiri cikin inji?

Da azahar ya tafi rumfar da jirgin ke kwana. Fayau take, sai tabon mai a siminti. Yana tsaye awaki biyu suka shigo, ba su kula shi ba, suka nufi wuri guda suka hau lasa kamar an zuba musu dusa. Ya duba zanen tayoyi. Daidai nan hancin jirgi ke tsayawa.

Awakin na maigadi ne, Muhammad Sani, dattijo mutumin Awe, ƙanin mahaifiyar marigayin. Tun ranar rasuwar bai yi wa kowa doguwar magana ba. Na'Allah ya same shi a gindin mangwaro, ya yi masa gaisuwa yadda ta kamata, sannan ya zauna a bencinsa.

"Baba, wa ke wanke jirgin?"

"Makanike."

"Da ruwan gishiri?"

Tsohon ya kawar da kai yana kallon awakinsa.

"Baba, awakinka sun riga ka magana. Wani yana zuba ruwan gishiri a ramin hancin jirgin nan, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ruwan ya kwanta inda ido ba ya gani, wuta na gasa shi kullum, har ya cinye ƙarfe. Makullin rumfar nan kai da Iorhemba ne ke da shi. Shi kuwa makanike ne, ya san ruwa da inji ba sa haɗuwa."

"Ranka ya daɗe, ka bar ni da abin da ke damuna."

"Ba zan bar ka ba. Mutum na can a kulle, 'ya'yansa na gudun hijira, kai kana nan kana kiwon awaki. Haba Baba!"

Sai ga hawaye a idon tsohon. Ya shiga ɗakin gadi ya fito da gorar roba, saura ruwa kaɗan a ciki.

Yayarsa Zuhra, uwar Muntaka, ce ke aiko masa da ruwan. Dafa gishiri sana'arta ce tun tana yarinya, kuma a gidansu duk abin da zai ɗauki ɗansu, keke ne ko babur, sai an shayar da shi ruwan rijiyar gishiri da aka tofa wa addu'a. Da aka zo kan jirgi Muntaka ya yi mata dariya ya hana, sai ta biyo ta wurin ƙaninta. Duk Juma'a yakan tsiyaya kaɗan a ramin hancin jirgin, don shi ne ya fi kama da baki.

"Da ta ji yana ciwon kai," in ji tsohon, "sai ta ce baki ne ya kama shi, in riƙa zubawa kullum."

"Yaushe ka gane?"

"Ranar da 'yan Abuja suka buɗe na ga farin abin. Na sani. Wallahi na sani. Amma in na faɗa, ita fa?"

Na'Allah ya sa shi a mota. Bai ji daɗin da yakan ji in ya warware bincike ba, baƙin ciki kawai ya ji, mai nauyi. Maganar tsoho shi kaɗai ba za ta gamsar da DPO ba, balle samarin ƙofa. Sai uwar ta faɗa da bakinta. Duk tsawon hanyar Awe yana neman wata dabara, bai samu ba.

Sun tarar da ita a tsakar gida kan tabarma, 'yar tsohuwa, hannuwanta duk sun tsattsage. Ta ga kakin Na'Allah ta gyara zama.

"Ɗan nan, an ce kun kama wanda ya kashe mini ɗa. Allah ya isa tsakanina da shi. Kada ku sake shi."

Na'Allah ya durƙusa, ya ajiye gorar a gabanta. Ta dube ta, ta dubi ƙaninta da ya kasa ɗaga kai. Sufeton ya yi mata bayani a hankali, ramin hanci, ƙarfen da ya rube, hayaƙin. Bai rage komai ba, don in ya rage Iorhemba ne zai biya.

Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon gorar.

"Da na ƙara masa," ta ce, "shi ne ciwon ya ƙaru?"

Ya so ya yi ƙarya. "Eh, Inna."

"Ya sha wuya?"

"A'a. Barci ne ya ɗauke shi."

Ta gyaɗa kai. Ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗaki, ta fito da mayafi da 'yar ledar kaya. Matan gida suka taso suna salati, ta ɗaga musu hannu.

"Yaron nan da kuka rufe, yana da uwa?"

"Tana da rai, Inna."

"To mu je ka buɗe mata ɗanta." Ta nufi mota da kanta, ta tsaya a bakin ƙofar baya tana jira. "Ni kuma ka ba ni wurinsa. Don Allah kada ka ce in dawo gidan nan."