Ka Sauko Ƙasa, Kyaftin

"Ki sauka, Sista. Wata za ta je."

"Wallahi ba inda zan sauka!"

Fankar helikwaftan ta riga ta fara juyawa. Mijinta Kyaftin, matuƙin jirgin, da ke zaune gefen mataimakinsa, ya waiwayo yana kallonta. A gida "zuciyata" yake ce mata, in ya ce Sista to babu wasa.

"Yayanki aka harba. Kin san doka."

Ta sani. Wai ma'aikaciyar jinya ba ta taɓa ɗan'uwanta, don hannunta zai yi rawa. Masu kafa dokar sun manta hannun bare ma yana rawa, sai dai shi ba mai sa masa ido.

"Shi ya riƙe ni tun rasuwar Baba. In Umma ta tambaye ni me zan ce mata? Ina zaune ina naɗe bandeji?"

Ya ɗaga jirgin.

A bakin daga, cikin hayaƙi da ƙarar bindiga, aka shigo musu da sojoji uku. Biyu karaya ce. Na ukun Yaya ne, sajensu, harsashi ya shige shi a ƙirji, amma bakin bai mutu ba.

"Ke Auta... wa ya aiko ki? Har da direban nan naki?"

"Direban ne zai kai ka gida, Yaya," in ji Kyaftin. "Sai ka yi haƙuri da tuƙin."

Ya cilla jirgin sama, can inda harsashi ba ya kaiwa, yana karkata dama da hagu. Kowa ya sauke ajiyar zuciya, ban da ita. Leɓɓan Yaya sun fara yin toka, jijiyoyin wuyansa sun miƙe. Huhun ya huje, iska ta taru a ƙirjin ta rasa mafita, kuma duk ƙara sama da suka yi sai ta ƙara kumbura ta danne zuciyar. Ta soka allura don ta sace iskar, jirgin ya girgiza, allurar ta goce. Saura ɗaya a jakarta.

Ta danna na'urar magana. "Kyaftin, ka sauko ƙasa. Kuma ka daina karkatawa."

"Kin san me kike faɗa kuwa? Abokan gaba na nan a ƙasa suna jira!"

"Na sani..."

"Ba shi kaɗai na ɗauko ba, Sista."

Ta dubi sauran sojojin, ta dubi ƙeyar mijinta. 'Yarsu na can wajen Umma, ko yaye ta ba a gama ba. Hawaye suka zubo mata.

"In ka ƙi ba zan riƙe ka ba, masoyina. Amma a nan sama ba zai kai ba."

Ɗaya daga cikin masu karayar ya ɗago kai. "Oga, sauka! Saje ne ya janyo mu daga wuta."

Jirgin ya yi ƙasa, har tana hango rassan itatuwa, sannan ya miƙe sak. Nan take aka buɗe musu wuta. Tas! Tas! Ƙarfe na ƙara a ƙarƙashinsu. Hannunta na rawa, ƙwarai kuwa, amma ta lalubi tsakanin haƙarƙari ta soka. Fuuu... iskar ta fito. Ƙirjin Yaya ya ɗaga, ya sauka, ya sake ɗagawa.

"Ya yi numfashi! Kyaftin, ya yi!"

"Alhamdu lillahi," ya ce a hankali. Daga nan bai sake cewa komai ba.

Da suka sauka a filin asibitin sojoji, aka yi ciki da Yaya a guje. Ta bi su, sai ta lura mijinta bai fito ba. Ta dawo ta ja ƙofarsa. Jini ya jiƙe wandonsa har cikin takalmi, mataimakinsa na danne masa cinya da hannu biyu.

"Innalillahi! Tun yaushe?"

"Tun kina riƙe da allurar."

"Shi ne ka yi shiru? Shi ne ka..."

"In na faɗa, wa za ki duba a cikinmu?"

Ta zaro ɗaurin tsayar da jini ta ɗaure cinyar tamau, tana kuka tana ƙwala wa likitoci kira. Ya cije leɓe, ya jingina kansa a kafaɗarta.

"A hankali, zuciyata... ni ma majinyaci ne, na bi layi."