Tsaga a Diddige

Da hantsi aka kira Sufeton 'yan sanda Torunn Haugland zuwa sansanin sojan ruwa da ke bakin gari. Wani soja, Eivind Rustad, ya mutu a atisaye. Ya faɗa teku sanye da rigar roba mai hana sanyi, wadda ke rufe mutum tun daga ƙafa har wuya, amma ruwa ya shige ta. A tekun nan na arewa, minti goma sun isa sanyi ya kashe mutum.

Torunn ta juya rigar. Lambar da ke ƙirji sabuwa fil, robar wuya kuwa duk ta tsattsage. A diddigen hagu ta ga 'yar tsaga, irin ta wuƙa.

Laftanar Sindre Kvam ne ya tarbe ta a sito. Shi ya kawo sabon tsarin da kwamfuta ke bin sawun kowane kaya, kuma bakinsa ba ya gajiya da yabon abin. Ya ce da can sai a yi wata ana neman ƙusa ɗaya, yanzu minti biyu. Ya nuna mata allo: riguna talatin da aka ware don sun lalace an mayar da su cikin masu kyau, da katin shiga kwamfuta na Oddvar Myhre, dattijon da ke kula da sito.

"Tsufa ne," in ji shi. "Na sha gaya masa ya huta."

Ta sami Oddvar a bayan kantoci, shayinsa ya huce a hannu. Shekara talatin da takwas yana wannan aiki, yau ga shi ana shirin ɗora masa ran mutum. Da ta tambaye shi tsagar, ya ce bai san ta ba. Ƙarya ba ta karɓi fuskarsa ba ko kaɗan.

"Oddvar, kurkuku ne a gabanka. Wa ya tsaga?"

"Ni ne." Ya sunkuyar da kai. "Haka muka gada. Rigar da ta mutu, a tsaga mata diddige, ko a duhu hannu zai gane. Sindre ya hana, wai kwamfuta ta isa. Ban daina ba."

"Katinka fa?"

"Yana aljihun teburin Sindre. Ni da na'urar nan ba ma ga maciji."

Maganar tsoho ce kawai a kan ta hafsa, kuma Torunn ta san wadda za a ɗauka. Sai ta nemi hoton kyamarar bakin jirgi na safiyar atisayen. Sau biyu ta kalla, ranta ya ɓaci ƙwarai.

Ta kira Sindre, ta kunna masa. Ga shi nan a gaban maratayin riguna. Ya ɗauki ɗaya, ya shafa diddigenta, ya mayar. Ya ɗauki ta biyu, ya shafa, ya mayar. Ta uku ya saka.

"Me kake nema a diddige, Sindre?"

"Girmanta nake dubawa."

"Girma a wuya ake rubuta shi. Ci gaba da kallo."

A hoton, Eivind ya zo a bayansa yana dariya, ya zari ta biyun da aka mayar. Sindre ya waiwayo, ya dube shi, ya ja zif ɗinsa ya wuce.

Can Sindre ya ce sababbin rigunan sun makara, ga manya za su zo duba tsarin, kuma shekara guda allonsa bai taɓa nuna rashin kaya ba. Mako biyu kawai yake buƙata, shi ya sa ya mayar da tsofaffin.

"Na ɗauka za su jure," ya ce.

"Da ka ɗauka haka, da ba ka shafa ba."

Ta saka masa ankwa.

Da suka fito, Oddvar yana durƙushe a bakin jirgi, riguna jibge a gabansa, yana bin diddigensu ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa. Ya ware ashirin da tara gefe. Bai ɗago ya dubi Sindre ba.