Rigar Da Umma Ta Farke

"Ba zan ɗinka ba."

Auta ta faɗa ba tare da ta ɗaga murya ba, ta sa yatsu biyu ta ture yadin zuwa bakin teburin yanka.

Mutumin da ke tsaye gabanta ya zare tabarau. Dogo ne, cikin kwat mai hawa uku da jar laktaye, gumi ya jiƙa masa wuyan riga sharkaf duk da fankar da ke kaɗawa a kansa.

"Ban ji ba..."

"Ka ji, ranka ya daɗe. Wannan ba yadi ba ne, leda ce mai ƙyalli. In na ɗinka maka shi a zafin nan, kafin ka kai bakin titi ka dahu."

"Kin san daga inda aka kawo shi kuwa?"

"Ko daga cikin wata aka sauko da shi!"

Kawu, wanda ke zaune bakin keken ɗinki yana zura zare, ya yi tari don ya ɓoye dariya. Shekara talatin ya yi yana ɗinki tare da mahaifin Auta. Da mutuwa ta ɗauke mai shagon, 'yar autarsa ce ta karɓi almakashin, Kawu kuma ya riƙe tef ɗin awo. Shi ke auna maza, ita ke yankawa, kuma duk layin an san idonta ba ya kuskure kafaɗa.

"Injiniya ne ni," in ji mutumin, yana cika yana batsewa. "Nan da kwana bakwai zan gabatar da zanen wani asibiti gaban manyan mutane. So nake ina shiga a san na shigo."

"Zanen za su kalla ko kai?"



Auta ta juya ta sauko da bandir biyu daga kanta. Ɗaya lilin ne ruwan toka mai haske, ɗaya auduga ruwan ƙasa. Ta warware masa.

"Taɓa ka ji."

Ya taɓa. Hannunsa ya daɗe a kai fiye da yadda ya yi niyya.

"Riga mai sauƙin wuya, ba shafi a ciki, iska ta shiga ta fita. Wando ya tsaya daidai kan takalmi, kada ya share ƙasa. Kala biyu sun isa, ta uku surutu ce. Zoben nan uku ka bar su a gida, agogo kaɗai ya wadatar. Turaren kuma..." ta ɗan toshe hanci, "...a tausaya wa bayin Allah."

"Ke kam ba ki da tsoro!"

"Ina da shi. Ina tsoron a ce ni na ɗinka maka wancan."

Ya tafi a fusace, ya bar yadinsa. Bayan awa ɗaya ya dawo, ya miƙe hannuwa gaban Kawu ba tare da ya kalle ta ba.

Ran kwana na takwas sai ga shi da hantsi, cikin sabuwar rigar ruwan toka. Auta ta ɗago daga alli, gabanta ya faɗi. Ashe haka yake da kyau? Ashe duk tarkacen nan ne suka binne shi?

"An ba ni aikin," ya ce a hankali. "Awa biyu ina magana, ko sau ɗaya ban share goshi ba."

"Barka. Zanenka ne ya ci."

"Ina son riga biyar."

Biyar suka zama goma. Maɓalli ya riƙa tsinkewa ba dalili, aljihu ya riƙa neman gyara duk bayan kwana biyu. Wata rana Kawu ya ɗaga maɓallin da aka kawo, ya duba zaren, ya ce, "Injiniya, wannan dai da reza aka yanke shi. In magana ce da kai, ga kujera, ka bar mana kaya su huta."

Auta ta sunkuyar da kai, kunya kamar ta nutse.

A kujerar nan ne ya gaya mata abin da bai taɓa gaya wa kowa ba. Da riga ɗaya ya yi makaranta, yana wankewa yana jira ta bushe, yara suna kiransa Mai Ɗaya.

"Na rantse in na samu, ba mai ƙara raina ni. Shi ya sa nake jibga kaya."

"Yaran nan sun girma sun manta," in ji Auta. "Kai kaɗai kake ta yi musu kwalliya."



"Auta... ina sonki. Na rasa yadda zan yi masa ado, gara in faɗa haka."

"Haka ya fi kyau," ta ce. "Ni ma... ka dai gane."

"Ban gane ba, masoyiya. Injiniya ne ni, sai an zana mini."

"To sai ka mutu ba ka gane ba!"

Sai dai a gidansu Injiniya akwai mai jiran gado. Gimbiya ake ce mata, 'yar aminiyar Ummansa, mai babban shagon kayan maza na waje. Ita ta sayar masa da yadin nan mai ƙyalli, ita ke zaɓar masa komai a da, kuma ta daɗe da sa wa ranta cewa mai zaɓar kaya ita za ta zaɓi labulen gida. Da ta ga ƙafarsa ta ɗauke daga shagonta, sai ta koma wa Umma.

"Umma, ba ki ga yadda Yaya ya koma ba? Kamar mai zaman makoki! Babban injiniya guda, telar bakin layi ta mayar da shi abin tausayi. Ruwa fa ba ya tsami banza."

Umma ta ce ba ta yarda ba, ba kuma za ta yarda ba. Mace mai ɗinkin maza? Ina!

Auta ta ji labari, ba ta yi kuka ba. Abin da ya tsaya mata a rai daban ne. Injiniya ya taɓa gaya mata cewa tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Abbansa, shekara biyu ke nan, tsohon bai taka ƙofar gida ba. Ƙafa ta warke, hannun dama ne ya ƙi. Mutum ne mai tsafta da son ado, ya kuwa ce ba zai fita ba muddin sai wani ya ɓalla masa maɓalli kamar jariri.

Ta sa Injiniya ya kawo mata tsohuwar rigar Abba. Kwana huɗu ta yi a kan sabuwa, farar auduga mai laushi, ta farke gabanta sau uku kafin ya zauna mata. Ta naɗe a takarda ta ba shi.

"Ka kai masa da kanka, zan gaya maka yadda ake..."

Wayarsa ta yi ƙara, ana nemansa wurin gini da gaggawa. Ya ajiye ƙunshin a falon gida ya wuce. Gimbiya ce ta fara buɗewa.

Washegari da rana tsaka mota ta tsaya ƙofar shago. Dattijuwa ta shigo fuska a murtuke, Gimbiya na biye da ita tana taunar cingam. Auta ba ta taɓa ganin Umma ba, amma ta ga idanun Injiniya a fuskarta. Ta ajiye almakashi ta durƙusa.

"Sannu da zuwa, Umma. Ina wuni?"

"Riƙe gaisuwarki." Umma ta jefa farar rigar kan tebur. "Ɗana bai ishe ki ba, sai kin haɗa da mijina? Me kika ɗinke a cikin nan?"

"Ki shafa ki ji, Umma!" in ji Gimbiya. "Abu ne ƙulle-ƙulle har guda shida, a ɓoye cikin gaban rigar. Wallahi asiri ne! Haka ta yi wa Yaya!"

Maƙwabta sun fara leƙowa. Kawu ya miƙe, Auta ta girgiza masa kai. Ta san magana irin wannan in ta fita layi, shagon mahaifinta ya mutu. Amma ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.

Ta ɗauki almakashinta ta miƙa da hannu biyu.

"Umma, ki farke da hannunki."

Umma ta dube ta, ta karɓa. Ƙyat! Ƙyat! Aikin kwana huɗu ya buɗe. Wasu 'yan ƙarafa masu faɗi kamar ƙwayar magani suka zubo kan tebur, suka ruga suka manne da bakin almakashin.

"Kin gani ko!" Gimbiya ta ja da baya. "Har motsi suke!"

"Maganaɗisu ne," in ji Auta.

Ta ɗauko rigar gwajin da ta fara yi, ta rataya wa gunkin nuna kaya da ke gefe. Ta mayar da hannunta na dama baya, ta sa na hagu kaɗai ta jawo gaban rigar. Ɗas, ɗas, ɗas... rigar ta rufe kanta tun daga wuya har ƙasa. Maɓallan da ke sama suna zaune a jere, ba mai cewa na ado ne.

"An ce mini Abba ba ya son a ɓalla masa riga. Wannan da hannu ɗaya zai sa, kuma duk wanda ya gan shi ba zai san da bambanci ba. Shi ya sa na ɓoye su, Umma. Sirrinsa ne, ba nawa ba."



Umma ta kalli rigar da ta farke, ta kalli hannunta. Shekara biyu tana ɓalla wa mijinta riga kowace safiya, shi kuma yana kawar da kai don kada su haɗa ido.

"Umma, ai ni ban san..." Gimbiya ta fara.

"Je ki jira ni a mota."

Da ta fita, Umma ta zauna a kujera.

"'Yar nan... na ɓata miki aiki, na ɓata miki suna."

"Sunana yana nan, Umma. Aikin kuwa minti arba'in ne. Kawu, a kawo wa Umma ruwa mai sanyi."

A gabanta ta mayar da ɗinkin, ta goge, ta naɗe. Umma ba ta ɗauke ido daga hannuwanta ba.

Kwana biyu ba labari. Ran na uku da safe, Auta na shafa alli, ta ji Kawu ya yi salati. Ta ɗago.

Wani dattijo ne a bakin ƙofa, yana dogara sanda, cikin farar riga da ta zauna masa ɗas a kafaɗa. Injiniya na bayansa, idanunsa jajur, yana murmushi.

"Wace ce mai shagon?" in ji dattijon.

Auta ta zube ƙasa. "Ni ce, Abba."

"Tashi, 'yata. Yau ni na sa rigata." Ya faɗa yana ɗaga haɓa kamar yaro ya ci jarrabawa. "Na ce wa wannan sakaran, fitata ta farko wurinki zan zo. Ta biyu kuma..." ya juya ga Kawu, "...gidanku, in za ku karɓe mu."

Kawu ya share ido da tef ɗin da ke wuyansa. "Ƙofa a buɗe take."

Kafin zafin shekarar ya wuce aka ɗaura aure. Gimbiya ba ta zo ba, ba kuma wanda ya tambaya. Umma da bakinta ta ce ba mai rufe shago, har ta riƙa turo mata mazan ƙawayenta, masu ciwo da masu lafiya.

Safiyar farko da Auta za ta koma aiki, ta tarar da angon ya tare ƙofar ɗaki.

"Ranka ya daɗe, zan makara."

"Sai kin biya kuɗin hanya, masoyiya. Kalma biyu kacal. Har yau fa ba ki faɗa ba."

Ta gyara masa wuyan riga, ta kakkaɓe kafaɗar da ba ƙura a kai, ta ɗago ta kalle shi ido cikin ido.

"Ina sonka, Injiniya."

Ya dafe bango kamar zai faɗi.

"Maimaita..."

"Gobe," ta ce, ta zille ta ƙarƙashin hannunsa tana dariya.