Mai Tocila a Madubin Hagu

Tirelar da muke kwana a ciki idan mun hau makiyayar da ke kan dutsen Narin ta fi motata da ke janta faɗi, hanyar dutsen kuwa da ƙyar take ɗaukarta. Magariba ta riske mu a kwanar da ba a shanta sai an ɗan ja da baya. Mahaifiyarmu na barci a cikin tirelar. Ƙanena Kubat ya sauka da tocila zai ba ni hannu.

A madubin hagu na ga haske yana kirana. "Taho, taho," in ji wata murya a hankali, dab da kunnena, alhali gilas a rufe yake. Na ci gaba da ja da baya. Tsakuwa ta fara zuba daga ƙarƙashin taya, ban ji saukarta ba.

Sai aka daki ƙofar dama. Kubat ne, yana haki.

"Yaya, taka birki! Inna kake so ka kashe? Tocilar ta mutu tun ɗazu, ina ta kiranka."

Na taka, na sake duba madubin. Mai tocilar yana nan tsaye, yana yafito ni. A hagun nan kuwa babu ƙasa, sai rami.