Sa Hannu a Jar Leda

Ranar Litinin da safe, ɓeraye goma da suka yi mako uku suna ɗimuwa a tankin ruwa suka wayi gari da basira. Duk wanda Ɗaliba, yarinyar da ke binciken, ta saka sai ya miƙe sak zuwa ɗan dakalin da aka ɓoye a ƙarƙashin ruwan. Goman da ba su taɓa ɓata ba kuwa, su ne yau ke ta zagaye.

Aikin ke nan: ɓeraye ashirin, kowa da kejinsa da lambarsa. Rabi ana yi musu allurar maganin cutar daji, rabi ruwan gishiri, a gani ko maganin yana taɓa ƙwaƙwalwa har ɓera ya manta hanyar da ya koya.

Gwaggo, wadda ta shekara goma sha tara tana kula da ɗakin dabbobi, ta ɗaga ɓeran keji na uku. Wanda ta sani ya rame, gashin bayansa ya fara zuba. Wannan kuwa ƙato ne, sai sheƙi yake yi.

"An musanya su," ta ce.

Dakta, mataimakin Farfesa, shi ke haɗa maganin. Ya taɓe baki. "Ke kika cakuɗa su wajen shara. Tsufa ya zo, Gwaggo. Aiki ya gurɓace, sai a watsar."

Farfesa ya ba ta zuwa ƙarfe huɗu, ko ta kawo hujja, ko a rufe binciken ita kuma ta ajiye makulli.

Zuciyarta ta tafasa, kuma ba don makullin ba. Ƙanwarta ta sha irin wannan magani, ta warke, amma tun daga nan take barin tukunya a wuta, take neman sunan ɗanta na fari ta rasa. Mijin ya ce iya shege ne. A asibiti aka ce gajiya ce. Waɗannan ɓerayen kaɗai ne shaidunta, shi ne wani marar kunya ya zo ya rufe musu baki.

Ta fara da Ɗaliba, wadda idonta ya yi jawur.

"Waɗanne keji ne na magani?"

"Wallahi ban sani ba, Gwaggo. An hana ni sani don kada in yi son kai wajen gwaji."

"Makulli fa?"

"Ke kike buɗe mini kullum."

Gwaggo ta cire ta daga zargi. Wanda ya yi wannan aiki ya musanya goma da goma babu kuskure ko ɗaya, sai wanda ya san jerin. Ta sauka wurin mai gadi, ta jawo littafin shiga. Shafin Lahadi fari tas.

"Malam, ba wanda ya shigo jiya?"

"Ni fa bakin ƙofa nawa ne, abin da ke ciki naku."

"Ban tambaye ka gadon gidanku ba. An shigo ko ba a shigo ba?"

Ya sosa ƙeya. "Hajiya, manya ai ba sa rubuta suna."

Ta koma ɗaki tana huci, ta bi kejin ɗaya bayan ɗaya. Garin katakon da ta shimfiɗa ranar Juma'a ya kamata ya jiƙe, ya yi wari. A keji goma haka yake. A goman magani kuwa sabo ne fil, a bushe ƙayau. Ta tsaya cak, sannan ta nufi ɗakin shara da sauri kafin motar kwasa ta iso.

Ƙarfe huɗu ta dire jar leda a ƙofar ofishin Farfesa, hannunta cikin safa biyu.

Dakta ya zabura. "Ba ki da hankali? Shara mai guba a nan?"

"Zauna, ranka ya daɗe, ai ka san ta." Ta juya ga Farfesa. "Shimfiɗar ɓerayen magani guba ce, jar leda take shiga. Ranar Juma'a na kwashe jajayen ledoji duka, ban bar ko ɗaya ba. Wanda ya shigo jiya bai iya kwantar da lafiyayyun ɓeraye a kan guba ba, hannunsa ya saba. Ya canja shimfiɗa, ya ɗure ta a leda, ya ɗaure. Wa ya kafa dokar cewa duk wanda ya ɗaure jar leda sai ya sa kwanan wata da hannu?"

Farfesa ya dubi Dakta.

Gwaggo ta ci gaba. "Bara har takardar gargaɗi ya ba ni don na manta sau ɗaya. Shi kam bai taɓa mantawa ba."

Ta juyo da ledar. Ga kwanan ranar Lahadi, ga sa hannun Dakta raɗau.

Farfesa ya cire tabarau, ya fuskanci Dakta. "Shekara goma da suka wuce ka rubuta cewa maganin nan ba ya taɓa ƙwaƙwalwa. Don kada yarinyar nan ta ƙaryata ka?"

"Ɓeraye ne fa kawai," in ji Dakta a hankali.

"Ɓeraye ne a wurinka!" Gwaggo ta daka masa tsawa. "Akwai mata a gidajensu ana ce musu maƙaryata, kai kana nan kana gadin sunanka. Allah ya isa!"

Kafin a tashi ta mayar da kowane ɓera kejinsa da hannunta, Ɗaliba tana gwada nauyinsu da wanda aka rubuta ranar Juma'a. Duka ashirin suka dace. Makullin da aka karɓa ranar, na Dakta ne.

Da yamma ta biya gidan ƙanwarta, ta same ta tsaye a tsakar ɗaki da cokali a hannu, ta manta abin da ya kawo ta.

"Yaya, ko dai da gaske ni ce nake ƙirƙira?"

Gwaggo ta karɓi cokalin, ta je ta kashe wutar da ke ƙarƙashin tukunya, ta dawo ta riƙe mata hannu.

"Ba ke ba ce. Ina mijin naki? Kira mini shi."