Saurayin da Ba Ya Dariya

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, gidan Ovide Arceneaux ya cika kamar kullum. An shimfiɗa tsofaffin jaridu a dogon teburin bayan gida, an juye jatan lande da masara da dankali suna tururi, kowa ya naɗe hannun riga. Ovide tsohon masunci ne, kuma duk bakin kogin Teche babu wanda ya kai shi iya shirga ƙarya mai daɗi. Shi a wurinsa, a wajen dariya ake gane mutum.

"Sai kada ya yi wuf, ya haɗiye haƙoran roban Kawu Placide!" in ji shi. "Tun daga ranar, duk wanda ya bi ta gadar nan sai kadan ya ɗago kai ya yi masa murmushi irin na Placide!"

Wuri ya kaure da dariya, har da masu ƙwarewa. Noelie, 'yar autarsa, ba ta taya su dariyar ba, don idonta na kan Wendell, makanikin injin kwalekwale da ya kusa shekara yana neman aurenta. Ya sunkuyar da kai, ya cije leɓe, ya riƙe gefen tebur gam. Ba a jima ba kuma kansa ya langaɓe, barci ya kwashe shi da guntun masara a hannu.

Baƙi na watsewa Ovide ya tare ta a kicin.

"Ki sallami yaron nan."

"Haba Daddy! Me ya yi?"

"Me ya yi? Mutum ya zauna a teburina fuska kamar an aiko masa da mutuwa, sannan ya ɓingire da barci da rana tsaka! Na san irinsu. Haka mijin Gwaggonki Zelia ya fara, ƙwaya ce ta cinye shi, ita kuma ta ƙare a wahala. Ban haife ki don in miƙa wa ɗan maye ba!"

"Ko giya ba ya sha, Daddy —"

"To girman kai ne. Ki zaɓa masa ɗaya. Muddin ina numfashi, ba da yawuna ba!"

Eula, mahaifiyarta, ta ce, "Ovide, ka bi a hankali mana." Ko kallonta bai yi ba, ya fice.

Noelie ta ci kukanta ta ƙoshi. Tana son Wendell, so ba na wasa ba, amma ta san ba za ta iya tsayawa a gaban fadan coci ba tare da hannun mahaifinta ba. Ƙawayenta suka ce ta je kotu a ɗaura, ai ta girma. Ta ce a'a. Washegari ta sami Wendell a garejinsa.

"Yau sai ka faɗa mini gaskiya. Me kake sha?"

Ya ajiye sifana, ya daɗe yana goge hannu. "Ba na shan komai, Noelie. Tun ina sakandare nake haka. Barci ne yake faɗo mini ko'ina, ko na kwana ina yi. Kuma in na yi dariya sosai... gwiwoyina sai su saki, wuyana ya saki, in zube. Ina jin komai, amma ko yatsa ba na iya ɗagawa. Na taɓa faɗuwa a gaban aji, suka yi shekara suna kwaikwayona. Shi ne na daina dariya a gaban mutane."

"Kuma ba ka taɓa zuwa asibiti ba?"

"In ce musu me? Dariya ce ke kayar da ni?"

"Eh, haka za ka ce! Please Wendell, wannan kunyar taka ce za ta raba mu!"

Da ƙyar ta ja shi. Likitar barci, wata dattijuwa mai suna Dakta Fontenot, ta saurare shi har ya gama, ko gira ba ta ɗaga ba. Ta sa ya kwana a asibiti an manna masa wayoyi a kai da ƙirji, washegari kuma aka riƙa sa shi ya kwanta na ɗan lokaci jefi-jefi har la'asar. Kowane karo, kafin ma'aikaciya ta gama gyara zama ya yi barci, har ya shiga mafarki.

"Narkolepsi sunan ciwon," in ji likitar. "Akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa da ke riƙe mutum a farke, naka ya yi ƙaranci. Sakin jiki da ya kamata ya zo maka cikin mafarki, shi ne yake zuwa maka ido biyu in ka yi dariya ko farin ciki ya kama ka. Ba lalaci ba ne, ba kuma laifinka ba ne."

"Ana warkewa?" Noelie ta tambaya.

"Ba a warkewa, amma ana zama da shi lafiya. Akwai maganin da zai riƙe shi a farke, akwai mai rage faɗuwar. Ya tsayar da lokacin kwanciya, ya riƙa ɗan rintsawa da rana da gangan. Tuƙi kuwa ya dakata sai mun ga yadda maganin ya karɓe shi."

Noelie ta koma gida da murna. Ovide ya saurare ta, ya taɓe baki.

"Yanzu kowane malalaci da sunan ciwonsa na Turanci. Ciwon dariya! Ni za a raina wa hankali?"

Haka aka shafe watanni. Noelie ba ta ɗaga wa mahaifinta murya ba, ba ta kuma saki Wendell ba. Ita ke kai shi gareji da safe kafin ta wuce aiki, kullum ranta a jagule. Barcin rana ya ragu sosai, faɗuwar ce dai ba ta gama barinsa ba.

Wata Asabar da hantsi sai ga Wendell a ƙofar gida, Ovide na gyaran komar kamun kifi a tsakar ciyawa.

"Yallaɓai, alfarma ɗaya nake roƙo. Ka ba ni labari ɗaya, wanda ban taɓa ji ba. Yau ba zan danne ba. Abin da ka gani, ka yanke hukunci a kai."

Ya zauna dirshan a ciyawa. Ovide ya harare shi, amma ina! Mutumin da bai taɓa ƙin mai sauraro ba? Ya fara a daƙile, labarin wani alfadari da ya bi fada har cikin coci. Kafin ya kai tsakiya ya manta da fushi, har da kwaikwayon kukan alfadarin. Wendell ya tuntsire da dariya, karo na farko a gidan. Nan take haɓarsa ta faɗi a ƙirji, ya sulale gefe kamar rigar da ta zame daga igiya.

"Eula! Kira asibiti!"

"Daddy, ƙyale shi," in ji Noelie. "Yana jin ka. Ƙarasa."

Ovide ya ƙarasa, bakinsa na sarƙewa. Jim kaɗan Wendell ya tashi zaune, idonsa tar, ya maimaita masa ƙarshen labarin bai bar ko kalma ba.

"Yallaɓai, duk Lahadin da na zo gidan nan, cikin kumatuna nake cizo har ya yi jini. In na fita sai in kulle kaina a mota, in kashe inji, in yi dariyar labaranka ni kaɗai."

Idon Ovide ya cika da hawaye, abin da Eula ta ce ba ta taɓa gani ba tunda ta aure shi. Kunya ta kama shi sosai. Can ya share ido da bayan hannu, ya ce, "Kai ma sakarai ne. Da ka faɗa tun farko! Tashi mu shiga, miyar gumbo na hucewa."

An ɗaura aure bayan bikin Ista. Ovide ya rako 'yarsa har gaban fada, ya sa hannunta cikin na ango. Maimakon ya koma kujerarsa kusa da Eula, sai ya zagaya ya tsaya daf da bayan Wendell. Fada ya yi masa alama ya zauna, ya girgiza kai.

Aka zo wurin alkawari, Noelie ta ce ta yarda. Farin ciki ya kama Wendell, gwiwoyinsa suka saki. Bai kai ƙasa ba, don hannuwan tsohon masunci na ƙarƙashin hammatarsa.

"Ci gaba, Fada," in ji Ovide. "Yana jin ka. Ni na riƙe ɗana."

Haƙurin Noelie bai faɗi a banza ba: ta sami mijinta, ba ta kuma rasa mahaifinta ba. Mai lalura ya daina ɓoyewa don kunya, ya nemi magani. Iyaye kuma su bincika kafin su yanke hukunci, don sau da yawa abin da ake kira mugun hali, ciwo ne da ba a gano ba.